Dutsen da ya ce a'a: yadda ake yini a filin aman wuta na Idaho

Zuwana na farko Craters of the Moon, a jihar Idaho ta Amurka, ko awa biyu ban cika ba na juyo. Tsakiyar watan Yuli ne, na isa da ƙarfe ɗaya na rana, da kambas mai laushin tafi a ƙafata da 'yar gorar ruwa da na riga na sha rabinta a hanya. Na fito tafin takalmin ya tsage wuri biyu, gwiwata tana jini, kuma ban leƙa ko kogo ɗaya ba, alhali saboda kogwannin na yi tafiyar. Bayan shekara biyu na koma da uwargida da 'yarmu mai shekara goma sha ɗaya, muka yi yini da kwana, babu wanda ya ji ciwo. Wurin yana nan yadda na bar shi. Ni ne na koyi tsara yinin da bin rana, kuma abin da zan koya maka ke nan.

Da farko ka san abin da za ka gani, don kada ranka ya ɓaci. Babu wani dogon dutse mai tsini yana tuɗaɗo jar wuta. Mai son ganin narkakken dutse yana gudu sai ya nufi Kilauea a Hawai, can ma sai an dace da lokaci. Nan ƙasa ce ta tsage a miƙe, tsagar da tsawonta ya kai kilomita 84, narkakken dutse ya riƙa ɓulɓulowa daga cikinta yana malala yana daskarewa. Sau takwas aka yi wannan zamani na aman wuta, na farko kimanin shekara 15,000 da suka wuce, na ƙarshe shekara 2,000 da 'yan kai. Abin da ya bari shi ne baƙin fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,600, da tsibin baƙar tsakuwa sama da ashirin a jere bisa tsagar. Masana duwatsu sun ce barci wurin yake yi, bai mutu ba, zai sake farkawa. Ma'anar sunan Craters of the Moon ita ce ramukan wata, kuma Shugaban Amurka Calvin Coolidge ne ya keɓe wurin ya zama gandun hukuma a 1924. A 1969 an kawo 'yan sama jannati huɗu, cikinsu da Alan Shepard da Eugene Cernan, suka koyi gane irin duwatsun aman wuta a shirin zuwa wata.

Idan zaɓi yana hannunka, ka je a watan Yuni ko Satumba. Yuli da Agusta zafi, daga Nuwamba kuwa dusar ƙanƙara takan rufe hanyar cikin gandun har wajen Afrilu. Mu tsakiyar Yuni muka je, lokacin furanni.

Sai da mota. Daga Idaho Falls tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, daga Boise kusan uku. Gari mafi kusa shi ne Arco, kilomita 29 daga ƙofar gandun, ƙaramin gari mai alfahari da cewa a 1955 shi ne na farko a duniya da aka haska da lantarkin nukiliya zalla. A nan za ka cika tanki ka sayi abinci, domin cikin gandun ba gidan mai, ba wurin cin abinci. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, saboda haka ka sauke taswira a wayarka tun kana gari. Lokacin da muka je dala 20 ake biya wa mota ɗaya, takardar tana aiki kwana bakwai.

Yanzu maganar takalmi, wadda a kanta na fi son ka saurare ni.

Daskararren aman dutse iri biyu ne, kuma sunayensu daga harshen mutanen Hawai aka aro su. Akwai pahoehoe, ana furta shi pa-hoi-hoi: mai santsin baya, mai lanƙwasa kamar an tara igiyoyi an shimfiɗa. Wannan shi ne wanda ya gudana yana da zafi sosai da ruwa-ruwa, samansa ya yi fata, na ƙasa ya ci gaba da tafiya yana tattare fatar. Akwai kuma wanda ya fi kauri, ya rasa iskar da ke cikinsa, yana tafe yana farfashewa, ya daskare a tarin ɓaraguzai masu kaifi kamar kashin maƙera. Sunansa a'a. Da 'yata ta karanta wannan a allon bayani sai ta fashe da dariya, ta ce, “Abba, dutsen ma Hausa yake ji, ga shi ya gaya maka kada ka taka.” Gaskiyarta. Zuwana na farko ban ji wannan a'ar ba, na bar hanya taku goma kacal don in ɗauki hoto, wani ɓaragujin ya juya a ƙarƙashina, na durƙusa a kai. Ciwon ba mai zurfi ba ne, amma kamar an goga mini fasasshiyar kwalba, don kuwa samansa gilashi ne na gaske, dutse ne da ya huce da sauri.

Ka sa takalmi rufaffe mai kaurin tafi, wanda ya kama idon sawu, da safa mai kauri da dogon wando. Silifas da takalmin gayu su zauna a mota. Kada ka sayi sabo fil ranar tafiya, ka fara horar da shi a gida, in ba haka ba kafin azahar ya yi maka kanta. Ko pahoehoe mai santsin nan bai cancanci amana ba: wani wuri ɓawo ne kawai da rami a ƙasa, kana takawa ya burma. Dalili ke nan da aka shimfiɗa kwalta a yawancin gajerun hanyoyin ƙafa, kuma zama a kansu ya fi maka, ya fi wa dutsen, domin sawun mutane yana farfasa saman da ya shekara dubu biyu bai canza ba. A 1920 wani mutumin Boise, Robert Limbert, ya ratsa filin nan da ƙafa cikin kwana 17, shi da abokin tafiyarsa da kare. Kwanaki kaɗan dutsen ya yayyanka tafin karen, sai ɗaukarsa suka riƙa yi. Rubuce-rubucen Limbert da hotunansa ne suka jawo hankalin hukuma ga wurin, kuma sunansa aka sa wa ofishin baƙi da ke bakin ƙofa. Yau ba a barin kare ya hau hanyoyin ƙafa, ka ga dalili.

Da sanyin safiya ake kama fara. Baƙin dutse mashayin rana ne, a tsakiyar zafi samansa yakan haura digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, ga shi babu inuwa, ga wurin yana bisa tudu mita 1,800 daga teku, inda rana take cizo ko da iska tana kaɗawa. Don haka tsarin da na gwada ya yi mini shi ne: hawa da safe, kogo da tsakar rana, hutu da la'asar, taurari da dare. Hanyar mota ta cikin gandun zagaye ce ta kilomita 11, mai sauri zai gama ta cikin rabin awa ya ce ya ga wurin. Bai ga komai ba. Mu ƙarfe bakwai na safe muka shiga.

Wurin farko da za ka nufa shi ne Inferno Cone, baƙin tsibi mai sulɓi kamar an share shi. Hawan bai fi mita 300 ba a tsawo, tashinsa mita 50, amma a miƙe yake, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma sau biyu za ka zaci ka kai sai ka ga da saura. Ka yi gajerun taku, ka tsaya ka huta ba kunya. A sama ba za ka tarar da rami ba, don wannan tsibin ba bakin wuta ba ne, tsakuwar da wani baki na kusa ya feso ce iska ta tara a nan. Bishiya guda ce tsaye, iska ta karkatar da ita. Ka juya kudu: tsibi bayan tsibi a layi ɗaya har inda ido ya ƙare, wannan layin shi ne tsagar da na faɗa maka. Mafi girma cikinsu, Big Cinder Butte, ya haura mita 200. Ka riƙe hularka, ta uwargida sai da muka bi ta da gudu. Ka kuma ɗauki tsakuwa guda ka juya ta a rana kafin ka ajiye. Ba nauyi, duk ramuka ce kamar soso, ramukan kumfar iskar da ta tsere lokacin da dutsen yake sama yana hucewa, kuma tana walƙiya shuɗi da ruwan zinariya.

Gaba kaɗan akwai ƙananan bakunan wuta, waɗanda suka ginu da curin narkakken dutse da ya faɗo yana da ɗanko ya manne wa juna. Minti goma sha biyar ya ishe su. Ka leƙa cikin wanda ake kira Snow Cone, mu mun tarar da ƙanƙara kwance a gindinsa a watan Yuni, muna tsaye muna gumi a bakinsa. Devil's Orchard hanya ce mai kwalta, ba hawa, ta dace da tsofaffi da mai keken guragu, amma idan lokaci ya ƙure ita zan fara tsallakewa.

Abin da ban zata ba shi ne furanni. A kan baƙar tsakuwar nan da za ka rantse ko ciyawa ba za ta fito ba, wani ɗan tsiro fari-fari ya bazu, kowane da tazara daidai tsakaninsa da ɗan'uwansa, har uwargida ta ce lallai ma'aikata ne suka dasa. Ba dashe ba ne. Abin da ke sama bai fi tafin hannu ba, amma saiwarsa tana yaɗuwa kusan mita guda tana neman ruwa, kowa ya kame gonarsa. Tsakaninsu kuma wasu 'yan furanni ja-ja masu ruwan hoda, ƙanana ƙwarai, sai ka sunkuya. Wannan ma dalili ne na rashin yawo a kan tsakuwar inda ba hanya.

Idan da sauran ƙarfi kafin rana ta take, akwai hanyar Tree Molds, kilomita uku da ɗoriya zuwa da dawowa. A ƙarshenta za ka ga ramuka inda narkakken dutse ya rungume bishiyoyi, ya daskare a jikinsu, itacen ya ƙone ya bar gurbinsa, wani har da zanen gawayin a jikin dutsen. Ni ya burge ni. 'Yata ta ce rami ne kawai. Ka auna abokan tafiyarka.

To, kogo. Nan ne na yi asara a zuwan farko, don haka ka bi ni a hankali.

Ba a shiga kogo sai da takardar izini. Kyauta ce, a ofishin baƙi ake bayarwa, kuma tun da safe ya kamata ka karɓa, ko da yammacin jiya idan kana son shiga gandun kafin a buɗe ofis. Tambaya ɗaya za a yi maka: cikin abin da kake sanye da shi ko kake ɗauke da shi, takalmi, riga, jaka, har kyamara, akwai wanda ya taɓa shiga wani kogo ko ramin haƙar ma'adinai? Idan akwai, ba zai shiga ba. Kambas ɗina na farko ya taɓa shiga wani kogo a wata jiha, na faɗi gaskiya, ba ni kuma da wani takalmin, shi ke nan. A lokacin na ji haushi. Daga baya na karanta dalili na ga su ke da gaskiya. Akwai wata funfuna da ke kama jemagu suna barcin hunturu, ta fito fari a hancinsu, ta riƙa tashinsu daga barci har su ƙone kitsen da suka tara su mutu da yunwa kafin sanyi ya wuce. A 2006 aka fara ganinta a jihar New York, kuma ta kashe miliyoyin jemagu a Arewacin Amurka. Ƙwayoyinta suna maƙalewa a tufafi su daɗe, wankin gida ba ya ba da tabbacin kawar da su. Kada ka yi ƙarya don ka shiga. Ka zo da kayan da ba su taɓa ganin kogo ba, magana ta ƙare. A nan kuma za ka tambayi wane kogo ne a buɗe, domin akan rufe wasu saboda jemagu ko rufin da ake tsoron ruftawarsa.

Su kogwannin nan ba ruwa ne ya haƙa su ba. Hanyoyin narkakken dutse ne. Yana gudu kamar kogi, samansa da ke shan iska ya daskare ya zama rufi, na ciki ya ci gaba da tafiya da zafinsa. Da aman ya tsaya sai na cikin ya tsiyaye ya bar bututu. Idan ka haska bango za ka ga layuka a kwance, shaidar inda ya taɓa kaiwa, kamar yadda ambaliya take barin alama a jikin gini. A rufi kuma ga ɗigo-ɗigon dutse da suka daskare suna shirin faɗowa.

Daga wurin ajiye mota akwai tafiyar kamar minti ashirin a kan kwalta tsakiyar baƙin fili, nan ne kawai za ka sha rana. Mafi girma kuma mafi sauƙi shi ne Indian Tunnel: tsawonsa mita 240, rufinsa ya kai mita 9, ana sauka ta matakalar ƙarfe. Rufin ya rufta a wurare da dama, haske yana shigowa, saboda haka mai tsoron duhu ma zai iya. Kana sauka sanyi zai buge ka kamar an buɗe firji. Kusa da bakinsa akwai duwatsu da aka jera a da'ira, aikin mutanen Shoshone da suka riƙa ratsa filin nan tun kafin zuwan Turawa. Ka kalla, kada ka taɓa. Idan ka bi kogon har ƙarshe, sai ka hau tarin duwatsu da hannu da ƙafa ka fita ta wani ɗan rami, sannan ka bi sandunan da aka kakkafa a kan dutsen su mayar da kai kwalta. Kada ka bar sanda sai ka hango ta gaba. Mai ciwon gwiwa ya juya ta matakalar da ya shigo, ba abin kunya ba ne, uwargida haka ta yi ta jira mu a inuwar bakin kogon.

Kowa da tocilarsa, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, don hannu biyu za ka buƙata. Fitilar waya ba tocila ba ce, ranar da ta suɓuce tsakanin duwatsu ka rasa biyu. Ka ƙara da safar hannu mai kauri, da hular kwano idan za ka shiga ƙananan kogwanni masu gajeren rufi, inda ƙasa kan yi ƙanƙara da santsi ko a tsakiyar zafi. Kada ka shiga kai kaɗai ba wanda ya sani. Idan ka ga jemage a maƙale, kawar da hasken ka wuce shiru.

Ruwa: a ofishin baƙi da sansanin kwana kawai ake samu, babu famfo ko ɗaya a zagayen. Mu lita huɗu muka ware wa kowa, muka bar jarka a mota, kowa yana ɗaukar lita ɗaya duk inda za a sauka. Iskar wurin busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin ka san ka yi shi, don haka kada ka jira ƙishi. Ciwon kai ko jiri ya fara, koma mota.

Daga ƙarfe biyu zuwa biyar ba abin da muka yi. Muka zauna a ofishin baƙi muka kalli ɗan fim ɗin bayanin wurin, muka ci abin da muka zo da shi, aka yi gyangyaɗi. Da yamma iska takan taso da ƙarfi, to idan za ka kafa tanti ka danne shi da kyau, turaku ba sa kama tsakuwa sosai. Sansanin yana da gurbi 42, wanda ya riga zuwa shi ke samu, shi ya sa muka kama namu tun da safe kafin mu fara yawo. Ba a hura wutar itace. Ka zo da katifa mai kauri da rigar sanyi, domin dutsen da ya gasa ka da rana, dare na yi zai saki zafin, sanyi ya sauko.

Ko ba za ka kwana ba, ka tsaya har duhu. A 2017 aka sa gandun cikin wuraren da aka amince da duhun samaniyarsu a duniya, saboda ba gari babba kusa. Ka duba kalanda ka zaɓi daren da ba farin wata. Ka kashe waya da tocila, ka ba idonka minti ashirin ya saba. A Yuni duhu ba ya kankama sai bayan ƙarfe goma, 'yata har ta fara ƙorafi. Da taurarin suka fito, ƙasa baƙa, sama baƙa, ba ka gane inda ɗaya ta ƙare, sai ta yi tsit ta kama hannun uwarta. Mai komawa Arco cikin dare ya tuƙa a hankali, barewa tana tsallaka titi.

Da safe kafin mu tashi na sa kowa ya zazzage takalminsa da aljihunsa. Doka ta hana ɗaukar ko tsakuwa ɗaya daga gandun, kuma yara ba sa iya haƙuri da dutse mai walƙiya. Aka sami uku a aljihun 'yata. Na ce, “Uwata, mayar da su inda kika gan su.” Ta tafi tana gunaguni ta ajiye, ta dawo ta tsaya a gabana ta miƙo hannu, ta ce saura nawa aljihun. Akwai guda ɗaya a na rigar sanyi, tun daga saman Inferno Cone.